Rake, Wuta da Gumi: Ziyara a Tsohuwar Matatar Giyar Ram ta Girenada

A dokar sufurin jiragen sama, duk abin shan da barasar cikinsa ta haura kashi 70 cikin 100 ba ya shiga jirgi, ko a jakar hannu ko a cikin kaya. Ba wai ana tsoron fasinja ya bugu ba ne. A wannan ƙarfin ana lissafa shi ne cikin abubuwan da ke kama wuta. To akwai wata matata a arewa maso gabashin tsibirin Girenada, can yankin Karibiyan, da abin da take tatsa yake kai kashi 75. Mutanen gari haka suke sayensa, haka suke sonsa. Baƙo mai son komawa gida da tsaraba kuwa sai aka yi masa tasa kwalbar daban, aka sirka ta da ruwa ta sauko kashi 69, taki ɗaya ƙasa da layin da doka ta ja.

Sunan wurin River Antoine. Abin da ake yi a ciki shi ne giyar da Turawa ke kira ram, wadda asalinta rake ne, ko dai ruwansa, ko baƙin maɗin da ke saura bayan an fitar da sukari. Tun 1785 ake aiki a wannan fili, kuma har gobe ruwan kogi ne ke juya injin matsa, itace ne ke ci a murhu, hannun mutum ne ke ɗaukar kusan komai daga nan zuwa can.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa mu da gidan giya? Tambayar tana kan hanya. Ni ma ba na sha, addinina ya hana, kuma ban je don in sake shawara ba. Amma duk wanda ke son ya ga irin aikin da aka kwashi miliyoyin 'yan Afirka aka tsallaka teku da su domin su yi, da wuya ya sami wurin da ya fi wannan. Gidan tarihi injin da ya mutu yake nuna maka, an share shi, an rataya masa allo. A nan injin yana ci, yana kuka, yana tsiyaya.

Girenada ƙaramar ƙasa ce. Tsawon babban tsibirin bai wuce kilomita 34 ba, faɗinsa 19, jama'arta kuma sun ɗan haura 100,000. Duk da haka daga St George's, babban birni, zuwa matatar sai ka ci fiye da awa guda a mota, domin hanyar ba ta san miƙewa ba. Ka hau tsauni ta cikin dajin Grand Etang, ka gangara garin Grenville a gabar gabas, ka wuce tsohon filin jirgi na Pearls inda wasu jirage biyu na zamanin ƙawance da Kuba da Tarayyar Sobiyet ke ta tsatsa cikin ciyawa tun bayan mamayar Amurka ta 1983. Daga nan sai gundumar St Patrick, ƙasar koko da ayaba da gyaɗar ƙamshi. Kafin ka ga ginin, hancinka ya riga ka isa: zaƙi ne da tsami da hayaƙi a cakuɗe, irin warin da ke kama riga ya bi ka har masauki.

Wilin da ruwa ke juyawa

Abin da ake fara kai baƙo ya gani shi ne wilin. Ƙaton abu ne na ƙarfe, ya ninka tsayin mutum sau da yawa, an jera masa aljihuna a kewaye. Can sama aka tare ruwan kogi, aka biyo da shi ta magudana, aka sako shi a kan wilin. Aljihu ya cika, nauyi ya rinjaye shi ƙasa, ya zubar, na bayansa ya karɓa. Babu fetur, babu lantarki, babu gaggawa. Wani kamfanin Ingila ne mai suna George Fletcher, na garin Derby, ya ƙera injin, kuma ana yawan cewa babu wani irinsa da ya girme shi da ke aiki a duk Karibiyan.

Juyin wilin yana bi ta haƙoran ƙarfe ya isa ga wasu gumagumai na ƙarfe masu mirginawa, waɗanda ke matse raken. A nan ya kamata mutum ya tsaya ya daɗe. Ana sauke dammunan rake a ƙasa, mazaje su sunkuya su ɗiba su ɗora a kan wani bel mai hawa, shi kuma ya kai su bakin injin. Kana jin ƙarar gaɓoɓin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan yana gangarowa ta ƙasa, kore-kore mai duhu, da kumfa da ɓurɓushin ɓawo. Tukar da ta fito ta ɗaya gefen ba a barinta haka. Sai an mayar da ita ta sake bi, don a tatse abin da ya rage. Sannan a loda ta a wata 'yar kura mai tafiya a kan siririn layin dogo, mutum ya tura ta da ƙirjinsa zuwa wani tsibi mai kama da tudu, a juye. Rana ta busar da ita, wata ta koma murhu, wata ta koma gona a matsayin taki. Kura ta dawo, a sake cikawa. Haka ake yi har a tashi.

Akwai wani hali na rake da ya kamata a riƙe, domin a kansa aka gina duk wannan duniyar. Da an sare shi ya fara lalacewa. Kwana ɗaya zuwa biyu, zaƙin ya soma juyewa tsami. Shi ya sa ba a iya loda shi a jirgin ruwa a kai Turai a sarrafa. Dole injin ya zauna a bakin gona, dole kuma wanda ya sara da wanda ya matse da wanda ya dafa su yi aiki da numfashi ɗaya.

Daga injin, ruwan yana bin kwata ya shiga ɗakin dahuwa. Ɗaki ne mai duhu, rufinsa ya yi baƙi, tururi ya cika shi. An jera manyan kasake guda 5 a cikin ginin dutse, wuta na bi ta ƙarƙashinsu daga murhun da ake ciyarwa ta waje. Babu famfo tsakaninsu. Mutum ne ke tsaye da wata moɗa mai doguwar mariƙa, ya kamfato daga kasko na farko ya juye a na biyu, daga na biyu zuwa na uku, ruwan yana ƙara kauri yana ƙara duhu yayin da yake matsawa wajen da wuta ta fi ƙarfi. Ya kwashe kumfar datti da ta taso, ya koma kan kamfata. Kafaɗarsa kawai za ka kalla ka san nauyin abin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ba zai ji baƙunta a ɗakin nan ba. Matsar rake ce, tuka ce a murhu, kasko ne, kwashe kumfa ne, jiran kauri ne. Bambancin, a can doki ne ko ƙaramin inji ke juya abin matsa, a nan kogi ne. A can kuma ana ci gaba da dahuwa har ruwan ya kama jikinsa a zuba a mazubi ya daskare, a nan kuwa ana tsayawa a rabin hanya, da zarar zaƙin ya kai yadda ake so.

Ɗakin da aka gina don sukari

Tsayawa a rabin hanyar nan sabon abu ne. Waɗannan kasake don sukari aka jera su. A ƙarni na 18 sukari shi ne dukiya, giyar kuwa daga abin da ya rage ake yinta.

Kolumbus ne ya tsallako da irin rake daga tsibiran Kanari a tafiyarsa ta biyu a 1493. Amma sai a shekarun 1640 harkar ta bunƙasa a tsibiran Ingilishi, a Barbados, inda cikin ɗan lokaci aka sare daji aka maye shi da rake, aka maye ma'aikatan ƙwadago na Turai da bayi daga Afirka. A can ne aka gane cewa baƙin maɗin da ke tsiyaya daga sukari, da kumfar da ake kwashewa a kasko, idan aka bar su suka tsima aka turara, suna ba da wata giya mai zafin gaske. Wani Bature mai suna Richard Ligon, wanda ya zauna a tsibirin a ƙarshen shekarun 1640, ya bayyana injinan da giyar a littafinsa na 1657. Shara ta zama haja. Masu gonaki suka riƙa lissafin cewa giya za ta biya kuɗin tafiyar da gona, sukari ya zama riba zalla.

Girenada ta shiga wannan harka a hannun Faransa, wadda ta kafa mulki a wajen 1650, sannan ta murƙushe mutanen asali na tsibirin. Ingila ta karɓe ta a 1763, Faransa ta ƙwace a 1779, aka mayar wa Ingila a 1783. Ke nan shekara biyu da dawowar Ingilishi aka kafa River Antoine. Shekara goma bayan haka, a watan Maris na 1795, wani mai gona a tsibirin, Julien Fédon, ya jagoranci tawayen da dubban bayi suka shiga. Sun riƙe mafi yawan tsibirin fiye da shekara guda, an ƙone gonaki da injina masu yawa, an kashe gwamna Ninian Home, dubban bayi kuma suka mutu kafin a kwantar da abin a tsakiyar 1796. Fédon kansa ba a taɓa kama shi ba.

Idan ka san wannan, kallon da za ka yi wa injin ya canza. Lokacin girbi a irin waɗannan gonaki ba a kashe wuta dare da rana. Masu ciyar da injin, waɗanda da yawansu mata ne, sukan wuni su kwana a tsaye, kuma gyangyaɗi ɗaya ya isa ƙarfen ya kama yatsa ya ja hannu gaba ɗaya. Marubutan zamanin sun ambaci addar da ake ajiyewa a kusa da injin don a sare hannun kafin ya tafi da sauran jiki. A ɗakin dahuwa kuma, maɗi mai tafasa idan ya fallatsa a fata mannewa yake yi. Mutumin da na gani da moɗa yana yin motsin da aka yi a wurin nan shekara 240, sai dai shi ana biyansa, yana da lokacin tashi, kuma ranar da ya gaji yana iya ajiye moɗar ya tafi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma bai zo a sauƙaƙe ba.

Giyar ma ba ta tsaya a Karibiyan ba. 'Yan kasuwar Rhode Island, a Amurka ta yau, sukan sayi baƙin maɗi daga tsibiran, su tatsa ram a garuruwansu, su lodo ta zuwa gabar Afirka ta Yamma, musamman wurare irin su Anomabu a Gana ta yanzu, su musanya ta da mutane. 'Yan Burazil ma haka suka yi da tasu giyar raken. Wato gumin bawa ne ake turarawa a sayo wani bawan da shi. Kuma kada Bahaushe ya ɗauka labarin wasu ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su gabar teku, suka ƙare a gonakin rake na Bahiya a Burazil, inda hukumomi suka rubuta sunansu a yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814.

Inda hanya ta rabu

Ruwan da aka dafa ana barinsa ya huce, sannan a tura shi cikin wasu manyan tankuna na siminti, buɗaɗɗu, a wani ɗaki na sama. A nan mazarƙwaila da ram suka yi sallama.

Matatun zamani yisti na musamman suke saya, wanda aka tace aka auna, ya gama aikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu a tanki rufaffe. A River Antoine ba a zuba komai. Yistin da ke jikin rake, da wanda ke yawo a iska, da wanda ya daɗe yana zaune a bangon tankin, shi ke shiga ya ci sukarin ya mayar da shi barasa da iskar da ke tasowa kumfa-kumfa. Yana ɗaukar kamar kwana 8. Ka leƙa tanki ɗaya ka ga yana zaɓalɓala sai ka ce da wuta a ƙasa, alhali babu. Na kusa da shi ya yi tsit, wata baƙar fata ta rufe samansa, alamar ya kusa. Ba yisti kaɗai ke cin abincin ba, har da ƙwayoyin halitta masu kawo tsami, kuma su ne ke ba giyar warinta mai ƙarfi da masu sonta ke nema, masu ƙinta ke gudu. Idan rake ya yi ƙaranci, ana ƙara baƙin maɗi don a cike zaƙin.

Abin da ke fitowa daga tankin bai da wani ƙarfi, barasarsa 'yan kashi kaɗan ce cikin 100. Tukunyar jan ƙarfe ce ke ɗaga shi. Hikimar mai sauƙi ce: barasa tana zama tururi a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Idan ka ɗora ruwan tsimin a wuta, tururin da ya fara tashi barasa ta fi yawa a cikinsa. Ka kama shi, ka bi da shi ta murɗaɗɗen bututu da aka nutsa a ruwan sanyi, sai ya koma ruwa ya ɗiga. A nan an ƙara wata dabara da aka daɗe ana yi a Karibiyan: tsakanin babbar tukunya da bututun sanyi akwai ƙananan tukwane biyu, an zuba musu raunanniyar giyar da ta rage daga dahuwar baya. Tururi ya ratsa ta farko ya ƙara ƙarfi, ya ratsa ta biyu ya ƙara, ya fito a bi ɗaya da ƙarfin da sai an turara sau uku za a samu. Ƙarƙashin tukwanen itace ne ke ci, manya-manyan gumagumai, wani mutum yana turawa yana ja da baya saboda zafi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki, wannan fasaha ta turarawa masanan ƙasashen Musulmi ne suka kyautata ta tun kafin Turai ta san amfaninta. Al-Kindi, a Bagadaza ta ƙarni na 9, ya rubuta littafi guda a kan haɗa turare da tatsar ruwan furanni ta wannan hanya. Su ruwan wardi suke nema. Tukunya dai ba ta tambayar abin da aka zuba mata.

Gwanintar mai tukunya tana wajen yanka. Abin da ya fara ɗiga yana da kaifin wari da sinadarai marasa kyau, a ware shi. Na ƙarshe rauni gare shi da ɗoyi, shi ma a ware, a mayar da shi tukunya gobe. Na tsakiya ake so. Ana sa wani ma'aunin gilashi mai yawo a cikin ruwan. Iya nutsewarsa, iya ƙarfin barasar. Abin da bai kai ba ya koma wuta. Wanda ya kai kuma yana shiga tankin da ke ƙarƙashin kulawar jami'an haraji, domin gwamnati tana da rabonta a kowace lita. Wannan sa ido ba wasa ba ne. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya bayan sun sha ogogoro, giyar gida da ake tatsawa ba tare da sa ido ba, hukumomin lafiya kuma suka ɗora laifin a kan sinadarin metanol. Cika kwalba da manna takarda ma da hannu ake yi, a wani ɗan ɗaki.

Teburin ɗanɗano

Zagayen ba ya daɗewa, kuma kamar kowace matata, a teburin ɗanɗano yake ƙarewa. An jera kwalabe, da ƙananan kofuna, da ruwan sha a gefe. Da aka zo kaina na ɗaga hannu, aka wuce, babu wanda ya nemi ba'asi. A Girenada wanda ba ya sha ba baƙon abu ba ne. Akwai mabiya cocin Adbentis da yawa a ƙasar, waɗanda su ma giya haramun ce a wurinsu. Sai na zama ɗan kallo, kuma kallon ya biya kuɗin mota.

Giyar fara ce tas kamar ruwa. Baƙo ya ɗauki kofin mai kashi 75, ya kai hanci, ya ɗauke kai da sauri. Ya yi ta maza ya kurɓa. Daƙiƙa biyu babu komai, sannan ido ya kawo ruwa, wuya ya miƙe, hannu ya fara laluben kofin ruwa. Wani ya yi tari, wani ya yi dariyar da ba ta da sauti. Mutanen gari ba sa wannan wahalar: su haɗiye a tashi ɗaya, su bi da ruwa nan take. Idan ka jefa ƙanƙara a ciki, nutsewa take yi maimakon ta taso, saboda ruwan ya fi ta rashin nauyi. Waɗanda suka iya bayani, bayan sun dawo hayyacinsu, sukan ce a bayan zafin akwai ɗanɗanon ɗanyen rake da hayaƙi da ɗan gishiri-gishiri da 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ga masu raunin zuciya kuma an tanadi wadda aka haɗa da ruwan 'ya'yan itace.

Wanda ya saba ganin ram ja ko ruwan zuma a hoto zai yi mamakin farinta. Launin ba daga rake yake ba, daga ganga yake. Manyan kamfanonin Jamaika da Barbados, irin su Mount Gay da ke da takardar mallaka tun 1703, suna ajiye giyarsu shekaru a gangunan katako, galibi waɗanda Amurkawa suka gama amfani da su, domin dokar Amurka ta ce wiskinsu na baban sai a sabuwar ganga. A zafin Karibiyan abin da ke tsere wa ganga ya bi iska kowace shekara ya ninka na Sikotilan. Martinik kuma, wadda ke ƙarƙashin Faransa, tun 1996 ta sa wa tata giyar ruwan rake dokoki masu tsauri a kan inda za a noma da yadda za a tatsa. River Antoine ba ta shiga wannan gasar ba. Daga tukunya sai kwalba, daga kwalba sai kantin unguwa.

Me ya hana ta mutuwa?

A ƙarni na 19 sukarin tsibiran Ingilishi ya faɗi. An hana fataucin bayi a 1807, an soke bautar a 1834, aka sake ɗaure 'yantattun da aikin dole har 1838. Da suka sami kansu, da yawa suka bar gonakin suka kama nasu 'yan filaye. Turai ta koyi fitar da sukari daga wani irin gwoza da ke fitowa a ƙasar sanyi. A 1846 Ingila ta fara janye fifikon harajin da take ba sukarin yankunanta, sai na Kuba da Burazil, inda bauta ke nan daram, ya karya farashi. Girenada ta juya ga koko da gyaɗar ƙamshi, har ta sa hoton gyaɗar a tutarta da ta sami 'yanci a 1974. Yau in ka zagaya tsibirin za ka ga wilin ruwa da kurangar daji ta haɗiye, da kasaken sukari da aka mayar wurin shuka fure a ƙofar otal.

River Antoine ta saki sukarin ta riƙe giyar, kuma abin da ya tsare ta shi ne maƙwabta. Kusan duk abin da take tatsa a cikin ƙasar ake shanye shi. Ba ta da buƙatar ta burge ɗan kasuwar Landan, ba ta da buƙatar ta yi laushi. Tun 1830 wani ɗan Ayalan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar injin turarawa mai aiki ba tsayawa, wanda ke fitar da barasa mai yawa, mai arha, marar wari; akasarin ram ɗin duniya daga jikokin wannan injin take fitowa. Mai shan Rivers, kamar yadda ake kiranta a gari, warin nan shi yake biya.

Ina da ɗan ƙorafi a kan yadda mu baƙi ke yabon gargajiya. Yana da sauƙi ka tsaya a inuwa da kyamara ka ce kada a canza komai, alhali ba kai ke tura kurar tuka a rana ba. Inji na zamani zai matse ruwan da ya fi wannan daga rake ɗaya, famfo guda zai hutar da mai moɗa. Amma a ɗaya hannun, matata ta zamani mai irin wannan girma mutane ƙalilan za ta ɗauka, nan kuwa gommai ne ke cin abinci, daga masu sara a gona har masu manna takarda. A karkarar da guguwar Ivan ta 2004 ta tumɓuke itatuwan gyaɗar ƙamshi, waɗanda ke ɗaukar shekaru kafin su sake haihuwa, albashin mako ba abin rainawa ba ne. Hukuncin na masu wurin ne da masu aikin, ba na mai wucewa ba. Haka nan bai kamata kyan wilin ya rufe mana ido daga abin da ke cikin kwalbar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa na kashe mutum kimanin miliyan 2.6 a shekara, kuma abu mai kashi 75 da ake sayarwa da arha a kantin unguwa yana da gidajen da ya rusa, ko da ba a kai baƙo ya gan su ba.

Lissafin baya ma bai rufe ba. Da majalisar Ingila ta soke bauta, ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma ga masu bayin aka biya. Bayin, waɗanda a Girenada kaɗai sun haura 20,000, ko sisi ba su gani ba. A 2013 ƙungiyar ƙasashen Karibiyan ta kafa kwamitin neman diyya. A watan Fabrairun 2023 kuma iyalin Trevelyan na Ingila, waɗanda kakanninsu suka mallaki bayi fiye da 1,000 a tsibirin, suka zo St George's suka nemi gafara a bainar jama'a, 'yar jaridar nan Laura Trevelyan ta ba da fam 100,000 don harkar ilimi. Wasu sun yaba, wasu suka ce an ci sa an biya da kaza.

Ba nisa da matatar akwai wani ƙauye, River Sallee. Kowace shekara mutanensa suna wani biki na godiya da tunawa da kakanni. A dafa abinci mai yawa, a shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, a zuba, a tara yara su ci, da dare kuma a buga ganguna a yi raye-rayen da aka gada daga ƙabilun Afirka. Sunan bikin Saraka, kuma masu bincike suna danganta shi da Musulmin Afirka ta Yamma da aka kawo a cikin jiragen. A irin waɗannan bukukuwa, nan da tsibirin Carriacou na ƙasar, kafin a fara rawa sai an jiƙa ƙasa da ruwa da farar ram don waɗanda suka riga mu. Malamin da ya zo daga Kano zai gane sunan, zai gane ciyar da yara, in aka zo kan kwalbar ne zai fara neman takalminsa.